Gasar jera haruffa ta ƴan makarantar Amurka: me ya sa rubutun Ingilishi ke ba da wuya haka?

Gasar jera haruffa, wadda Amurkawa ke kira «spelling bee», gasa ce ta ƴan makaranta da ake yi da baki, ba alƙalami ba takarda. Ana faɗa wa yaro kalma ɗaya ta Turancin Ingilishi, shi kuma ya tsaya gaban alƙalai ya lissafo haruffanta ɗaya bayan ɗaya, daga na farko har na ƙarshe. In ya yi daidai, ya koma kujerarsa ya jira zagaye na gaba. In ya kuskure ko da harafi guda ne, sai a kaɗa masa ƴar ƙararrawa, tasa ta ƙare ke nan. Haka ake ta tankaɗe da rairaya har a bar mutum ɗaya.

Ga wanda ya buɗe ido da Hausar boko, abin zai yi kama da wasan yara. Bahaushe in ya ji «makaranta» ko «tukunya», kunnensa ya riga ya gaya masa yadda zai rubuta, to ina abin gasa a nan? Amma a Amurka wannan gasa ta cika shekara 100 a 2025, ana nuna ta kai tsaye a talabijin, kuma zakara na komawa gida da dalar Amurka 50,000, abin da ya kai wajen miliyan 28 zuwa 30 na kuɗin sefa. Dalili shi ne rubutun Ingilishi ya daɗe da raba hanya da furucinsa. Haruffan kalma sun fi nuna inda ta fito da yadda ake faɗinta shekaru ɗaruruwa da suka wuce, fiye da yadda ake faɗinta yau.

Maganar ta shafi iyaye da ɗalibai a nan Nijar fiye da da. Tun daga ajin farko na kwaleji ake koyar da Ingilishi, kuma kundin sake gina ƙasa da aka fitar a ƙarshen watan Maris na 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma a matsayin harsunan aiki. Ga fatake da ɗalibai masu tsallakawa Katsina, Kano da Sakkwato, takardun can duk da Ingilishi ake cika su.

Asalin gasar

Kalmar «bee» a Ingilishi na nufin kudan zuma, kuma shi ne tambarin gasar. Sai dai a ƙauyukan Amurka na da, kalmar tana da wata ma'ana: taron maƙwabta don taya ɗayansu aiki, ɓarar masara ko ɗinkin bargo. Gayya ke nan. A ƙarni na 19 makarantun karkara kan shirya irin wannan taro da dare, yara da manya su yi layi ana jefa musu kalmomi daga wani ɗan littafi mai shuɗin bango da Noah Webster ya wallafa a 1783, wanda aka sayar da miliyoyin kwafinsa.

Gasar ƙasa baki ɗaya ta soma ne a watan Yuni na 1925, bisa shirin jaridar Courier-Journal ta birnin Louisville a jihar Kentucky. Yara tara kacal suka kai Washinton. Wanda ya ci, Frank Neuhauser, ɗan shekara 11 ne, kuma kalmar da ta ba shi nasara ita ce «gladiolus», sunan wani fure da shi kansa yake shukawa a gidansu. An ba shi dalar Amurka 500 na zinariya, ya kuma gana da shugaba Calvin Coolidge. A 1941 kamfanin jaridu na Scripps ya karɓi gasar, har yau sunansa take ɗauke da shi. Sau biyu kawai aka taɓa dakatar da ita: daga 1943 zuwa 1945 saboda yaƙin duniya na biyu, sai 2020 saboda annobar korona.

Yadda ake yin ta

Ana farawa daga aji, a wuce gasar makaranta, sannan ta yanki, har a fitar da yara sama da 200 da ke haɗuwa a Washinton ko kewayenta a ƙarshen watan Mayu. Sharaɗi shi ne kada yaro ya wuce shekara 15, kada kuma ya wuce aji na takwas, wanda ya yi daidai da aji na uku na kwaleji a tsarin Nijar. Alƙalin alƙalai ƙamus ne: babban ƙamus na Merriam-Webster, mai kalmomi wajen 470,000. Duk kalmar da ke cikinsa ana iya jefo ta, kuma yadda ya rubuta ta shi ne daidai, ba gardama.

Mai faɗin kalmomi tun 2003 shi ne Jacques Bailly, malamin Girkanci da Latin a jami'ar Vermont, wanda shi ma ya ci gasar a 1980. In ya faɗi kalma, yaro na da daƙiƙa 90. A cikinsu yana da damar ya nemi a maimaita, ya tambayi ma'anarta, ya tambayi ko suna ce ko aikatau, ya nemi a sa ta cikin jimla, ya kuma tambayi harshen da ta fito. Harafin da ya riga ya fita daga bakinsa kuwa ba ya gyaruwa, ko da ya gane kuskurensa nan take.

Tambayar nan ta harshen asali ita ce sirrin gasar, kuma a nan ne mai kallo ke gane cewa ba hadda kaɗai ba ce. Babu yaron da zai haddace kalma 470,000. Abin da gwanayen ke yi shi ne koyon ɗabi'ar kowane harshe da Ingilishi ya ci bashinsa. In yaro ya ji sautin «f» aka ce masa kalmar Girkanci ce, ya san «ph» zai sa. In ya ji «sh» aka ce Faransanci, «ch» ne. In aka ce Jamusanci, «sch». In kalmar ta ƙare da sautin «o» kuma daga Faransa ta zo, sai ya fara tunanin «eau». A 2023 Dev Shah ya ci gasar da «psammophile», wato halittar da ke rayuwa cikin rairayi. Baturen Ingila ba ya furta «p» ɗin farko, don haka kunne ba zai ji shi ba. Yaron ya tambaya ne ko kalmar ta ƙunshi tushen Girkanci mai nufin rairayi da wanda ke nufin ƙauna, aka ce masa e, ya haɗa su kamar mai haɗa tubali.

Akasin haka ya kusan faruwa ga Faizan Zaki, ɗan shekara 13 daga jihar Teksas, a daren ƙarshe na gasar 2025. An ba shi «commelina», sunan wani tsiro, ya yi gaggawa bai tambayi komai ba, ya fara da «k». Yana jin abin da ya fito daga bakinsa ya san ya faɗi. Abin da ya cece shi shi ne sauran biyun da suka rage su ma sun kuskure a wannan zagaye, aka dawo da su duka. Daga baya ya ɗauki kofin da «éclaircissement».

Dokokin sun sha canji, don yaran sun fi ƙarfin masu shirya gasar. A 2019, bayan zagaye 20 da aka kai har tsakar dare, yara takwas suka ƙi faɗuwa, masu gasar suka amsa cewa kalmomin da za su iya kayar da su sun ƙare, aka naɗa su zakaru duka, kowa da dalarsa 50,000. Tun daga nan aka ƙara zagayen tambayar ma'anar kalma a kan dandali, aka kuma ƙirƙiro raba gardama na gudu: kowane yaro ya jera iyakar kalmomin da zai iya cikin daƙiƙa 90. Harini Logan ta jera 22 daidai a 2022. Bruhat Soma ya jera 29 a 2024.

Inda wuyar ta samo asali

Matsalar farko ta lissafi ce. Ingilishi na da sautuka wajen 44, kusan 20 daga cikinsu wasula ne, amma haruffa 26 yake aiki da su, biyar kacal na wasali. Abajadar ta Latin ce, masu wa'azin Kirista suka kai ta Ingila wajen shekara ta 600, kuma tun ran farko rigar ba ta yi wa mai ita daidai ba. Duk da haka, rubutun Ingilishin wancan zamani ya fi na yau bin kunne nesa ba kusa ba.

Sai 1066, lokacin da Guillaume, sarkin yankin Normandi na arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada, kotu da manyan gari, Ingilishi ya koma bakin talakawa. Da aka dawo rubuta shi, magatakardan da suka yi aikin hannunsu ya saba da Faransanci, suka shigo da al'adunsu. Kalmar sarauniya da ake rubutawa «cwen» ta koma «queen». Gida, «hus», ya koma «house», domin a Faransanci «ou» ne ke ba da sautin «u». Dubban kalmomin Faransanci kuma suka shigo da rubutunsu.

Abin da ya fi ɓata lissafin shi ne haɗuwar abubuwa biyu a lokaci guda. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster. Ɗab'i na daskarar da rubutu: abin da aka buga dubu, shi jama'a ke koyi da shi. A daidai wannan zamani kuwa, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, bakin Ingilishi na cikin wani babban sauyi, dogayen wasulansa duk suna ƙaura. Kalmar lokaci, «time», da ake faɗi da dogon «i» kamar yadda Bahaushe zai karanta ta, ta koma «taim». Suna, «name», da ake faɗi da dogon «a», ya koma «neim». «House» ɗin nan da aka rubuta don a karanta «hus» ta koma «haus». Furuci ya yi gaba, rubutu ya tsaya inda aka bar shi. Baƙaƙe ma sun yi ta mutuwa a baki suna rayuwa a takarda. A «knee», gwiwa, da «knife», wuƙa, mutanen da suna furta «k» ɗin. «Gh» na «night», dare, sauti ne na maƙogwaro mai kama da na Larabci a sunan Khalid. Da sautin ya ɓace, wani wuri ya yi shiru, wani wuri ya rikiɗe ya zama «f». Shi ya sa haruffa huɗun nan «ough» ke da furuci dabam dabam a «though», «through», «tough», «cough», «bough» da «thought», kalmomi shida na yau da kullum, babu biyu da suka yi daidai. Ma'aikatan Caxton ma sun bar tasu shaida: wasunsu daga yankin Flandre na Beljiyam ta yau suka zo, kuma ana danganta «h» na «ghost», fatalwa, da rubutun harshensu.

Daga nan malamai suka ƙara gishiri. A ƙarni na 16 Latin ne ma'aunin ilimi, sai masana suka shiga cusa haruffa cikin kalmomi don a ga asalinsu. Ingilishi ya aro «dette» da «doute» daga Faransanci, yana rubuta su kusan haka, aka zo aka soka musu «b» na Latin suka zama «debt» da «doubt», alhali babu wanda ya taɓa furta wannan «b» a Ingila. Wani lokaci ma malaman kuskure suka yi. Kalmar tsibiri tsohuwar kalmar Ingilishi ce da ba ta da dangantaka da Latin, amma aka zaci daga «insula» ta fito, aka sa mata «s», ta zama «island». Yau shekara fiye da 400 yara na shan bulala a kan kuskuren wani malami. Ƙamus na Samuel Johnson na 1755 ya zo ya tarar da abubuwa a haka, ya buga musu hatimi.

Ƙari a kan wannan, Ingilishi harshe ne mai aro ba ya sauya wa baƙo riga. Hausa in ta ari kalma sai ta yi mata kaciya: asibiti, tebur, burodi, kamiyo, lakwal. Ingilishi kuwa yakan bar kalmar da haruffan gidansu, ya furta ta yadda ya ga dama. Akwai kuma wani raunannen wasali da ke fitowa a duk gaɓar da ba a danna ba, wanda kowane harafin wasali ke iya wakilta. Kunne ba zai gaya wa yaro ko «a» ne, ko «e», ko «o» ba. Masu bin gasar sun san shi ne ya fi kowane abu kayar da yara.

An auna abin da wannan ke jawo wa ɗan aji ɗaya. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya gwada yaran Turai masu harsuna 13 a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Yaran Finland, Girka, Jamus, Italiya da Sifen sun karanta sama da kashi 90 cikin 100 na sauƙaƙan kalmomin da aka ba su daidai. Masu Faransanci sun samu wajen kashi 79. Masu Ingilishi, yaran Scotland, kashi 34. Ba a ce rubutun ba shi da doka ko kaɗan ba: wani bincike na jami'ar Stanford a 1966 ya bai wa kwamfuta dokokin sauti ya sa ta rubuta kalmomi 17,000, ta samu wajen rabi daidai, mafi yawan sauran kuma da kuskure ɗaya tak. Sai dai a gasa, kuskure ɗaya tak ɗin shi ne ƙararrawa.

Masu neman gyara

An yi ƙoƙari. Wanda ya fi kowa cin nasara shi ne Noah Webster ɗin nan, wanda ƙamus nasa na 1828 ya sa Amurkawa ke rubuta «color» da «center» inda Ingila ke rubuta «colour» da «centre». Sakamakon dai shi ne yau ɗalibi na da rubutu biyu da zai kiyaye maimakon ɗaya. A 1906 attajiri Andrew Carnegie ya zuba kuɗi a wani kwamitin sauƙaƙa rubutu, shugaba Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta yi aiki da sababbin kalmomi 300. Jaridu suka yi masa dariya, majalisa ta ƙi, kafin shekarar ta ƙare ya janye. Marubuci George Bernard Shaw, da ya rasu a 1950, wasiyya ya bari a ƙirƙiro sabuwar abajada da dukiyarsa. An ƙirƙiro ta, an buga littafi ɗaya da ita a 1962, magana ta mutu. Ingilishi ba shi da wata majalisar harshe irin Académie française da aka kafa a 1635, kuma ko da yana da ita, tambayar da ba ta da amsa ita ce furucin wa za a bi: na Landan, na Teksas, na Delhi ko na Legas? Rubutun nan mai wuya shi ne abu guda da dukansu suka yi tarayya a kai.

Dikte, da kuma Hausa

Wanda ya yi lakwal a Nijar ba baƙo ba ne ga azabar rubutu. Ya san dikte, ya san dokar nan ta kuskure biyar sifili da ta hana yara da yawa takardar sartifika. Faransanci ma na da gasarsa. Bernard Pivot, da ya rasu a 2024, ya shirya gasar dikte a talabijin daga 1985 zuwa 2005, kuma gidauniyar Paul Gérin-Lajoie ta Kanada na gudanar da tata tun 1991, da ƴan firamare na ƙasashen Afirka ta Yamma a ciki. Tun 1857 ake ba da labarin dikten da Prosper Mérimée ya yi wa fadar Napoléon na Uku, inda aka ce sarkin ya yi kuskure 75, jakadan Ostiriya kuma, baƙo, ya yi uku.

Bambancin siffar gasar biyu ya biyo bambancin wuyar harsunan biyu. Faransanci in ka san dokokinsa za ka karanta kusan kowace kalma daidai; wuyarsa na wajen rubutawa, kuma rabinta nahawu ne: jam'i da ba a ji, daidaita aikatau da mai aiki, ƙarshen kalma da ke canzawa bisa abin da ya gabace ta. Dole sai da jimla za a gwada wannan, shi ya sa ake dikte. Ingilishi nahawunsa bai cika taɓa rubutu ba, tarkon na cikin kalmar ita kaɗai, kuma ta fuska biyu: ba ka iya rubuta ta daga ji, ba ka iya faɗinta daga gani. «Read» guda ce a takarda, amma «rid» ce in yanzu ake karatun, «red» in jiya aka yi.

Hausar boko yarinya ce a kansu, an tsara ta a ƙarni na 20, an kuma zauna a kanta a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idoji. Shi ya sa take bin kunne. Amma kada a yi saurin yin alfahari. Boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka «gari» na mutane da «gari» na tuwo rubutunsu ɗaya, haka «wuya» ta jiki da «wuya» ta wahala, haka «kuka» ta miya da «kuka» na hawaye. Raba kalmomi kuma na kayar da manya masu digiri, balle ƙ, ɗ, ɓ da ƴ da wayar salula ta koya wa mutane yar da su. Gasar dikten Hausa za ta samu abin kayar da mutane. Gasar jera haruffa irin ta Amurka ce dai ba za ta yi nisa ba kafin a rasa wanda zai faɗi.

Su wa ke ci

Daga 1999 zuwa 2025 an naɗa zakaru 36, kuma 30 daga cikinsu ƴaƴan Indiyawa ne mazauna Amurka, al'ummar da ba ta kai kashi biyu cikin 100 na jama'ar ƙasar ba. Na farkonsu shi ne Balu Natarajan a 1985. Ba wani sirrin jini a ciki. Iyayen galibi masu ilimi ne da suka shiga ƙasar da takardar aiki, al'ummar kuma ta kafa nata gasanni na share fage inda yara ke gogewa tun suna shekara shida, ƙanne na gadon littattafan yayye, tsofaffin ƴan gasa na zama masu horarwa. Nan ne kuma sukar da ake yi wa gasar take da ƙarfi. Horo da manhajojin kalmomi kuɗi ne, yaro na iya share sa'o'i da yawa kullum shekara da shekaru, kuma da yawa daga kalmomin zagayen ƙarshe babu mai amfani da su ko a jami'a. Ɗan talaka mai kaifin kai da ba shi da mai horarwa da wuya ya kai daren ƙarshe.

Baƙaƙen fata sun daɗe suna fama da wani shingen dabam. A 1936 MacNolia Cox, ƴar shekara 13 daga Akron a jihar Ohio, ta kai cikin biyar na ƙarshe a Washinton, bayan an mayar da ita taragon baƙaƙe a jirgin ƙasa an kuma hana ta masaukin da sauran yara suka sauka. Sai a 1998 baƙar fata ta fara cin gasar, Jody-Anne Maxwell daga Jamaika, wadda kuma ita ce ta farko daga wajen Amurka. Baƙar fata ƴar Amurka ta farko ita ce Zaila Avant-garde ta jihar Louisiana, a 2021, shekara 96 bayan soma gasar.

A Afirka, Gana ce ta daɗe tana aika yaranta gasar ta Amurka. Akwai kuma gasar nahiyar da aka fara a Afirka ta Kudu a 2016. A Najeriya, jihar Legas na yin tata tun 2001 tsakanin makarantun gwamnati, da lada mai jan hankali: wanda ya ci yakan zama gwamnan jihar na kwana ɗaya.

Riba da tarkon ɗalibin Nijar

Jerin kalmomin da aka ci gasar Amurka da su zai ba ɗan lise na Maraɗi ko Tawa dariya: «croissant» a 1970, «milieu» a 1985, «guetapens» a 2012, «feuilleton» a 2014, «marocain» a 2017, sai «éclaircissement» na 2025. Abin da ke sa yaron Amurka zufa, shi tun firamare yake rubuta shi a allo. Bisa ƙiyasin da aka saba kawowa, kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga Faransanci suka zo, wani kason mai kama da haka kuma daga Latin. Mai Faransanci na furta «p» na «psychologie», don haka ba zai manta da shi a «psychology» ba. Wannan jari ne da ɗalibin Kano ba shi da shi.

Tarkon kuma a nan yake, domin kamar da wane ba ta wane. Kalmomi da yawa sun tsallaka teku sun canza harafi ɗaya, kuma hannun da ya saba da dikte zai rubuta na Faransanci bai sani ba. «Adresse» na da «d» ɗaya, «address» biyu. «Mariage» na da «r» ɗaya, «marriage» biyu. «Coton» da «trafic» sun zama «cotton» da «traffic». Wasu kuma ragewa suka yi: «appartement», «littérature», «ennemi» da «développement» sun koma «apartment», «literature», «enemy» da «development». Sai masu sauya wasali: «exemple» da «example», «responsable» da «responsible», «indépendance» da «independence». Bahaushe na da ƙarin nasa, rikicin «p» da «f» da harshensa bai raba su ba, da kuma halin saka wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu.

Sunayen haruffan kansu wani tarko ne ga duk wanda zai jera da baki, ko a gasa ko a waya yana faɗa wa wani ma'aikaci sunansa. Saboda ƙaurar wasulan nan ta shekaru 500 da suka wuce, harafin da Ingilishi ke kira «i» shi ne E, wanda yake kira «ai» shi ne I, wanda yake kira «ei» kuma shi ne A. G da J ma sun yi musaya: «ji» a Faransanci J ne, a Ingilishi G. Mai suna Djibo ko Hadiza da ya faɗi haruffansa da sunayen Faransanci ga magatakardan da ke ji da kunnen Ingilishi, yana iya karɓar takarda da sunan da ba nasa ba.